Shekarar da Aka Ƙirga Tukwane

Hafsatu ce ta jawo wannan babin, ba don ita ba da na tsallake shi na wuce. Ta dawo daga biki a Hunkuyi fuska a murtuke, ko mayafi ba ta cire ba ta tsaya a kaina ta ce wai a tsakar gida, a gaban mutane, ɗaya daga cikin 'ya'yan Yaya Sale ta ce mata ni ne, ubanta, na raba gidan Malam da bokona. Na ce to ke me kika ce? Ta ce ba ta ce komai ba, don ba ta san ko gaskiya ne ba. Wannan amsar ta fi maganar kanta ƙona mini rai. Shekara da shekaru ana shafa mini kashin kaji ina yin shiru saboda zumunci, ashe shirun nawa har ya sa 'yar cikina tana tantama a kaina. To ku zauna ku karanta, ke Hafsatu da 'yan'uwanki. Yaya Sale, wana, ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Amma ni ma na gaji da ɗaukar abin da ban yi ba.

Ku a cikin garin Makarfi kuka tashi, gidanmu na Tudun Malam, can gaba da Gubuchi, a rabe kuka san shi, ƙofa huɗu a bango ɗaya. Da ba haka yake ba. Gidan gandu ne: gona ɗaya, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. Mahaifina, wanda kowa ke kira Malam har mu 'ya'yansa, yana zaure yana karantar da Alƙur'ani da littattafan fiƙihu. Yaya Sale ne ke riƙe da gona, ƙannenmu biyu, Musa da Lawal, suna bin sa, kowannensu da matarsa da 'ya'yansa a cikin gidan. Ni kaɗai aka sa boko, na kama aiki a ƙaramar hukuma, amma duk Juma'a ina gida, kuma da kaka ana aiko mini da rabona kamar na yi noma. Tukunyar kuwa ta dalma ce, ƙatuwa, Malam ya sayo ta a kasuwar Makarfi shekarar da aka yi wa Yaya aure, mace ɗaya ba ta iya sauke ta daga kan murhu. Matan gidan suna girki bi da bi, Inna, mahaifiyarmu, ita ke auna hatsi, ita ke kwashe tuwo, ita ta san kwanon kowa. Kada ku ɗauka aljanna nake ba ku labari. Ana faɗa, ana gunaguni a kan miya, matar Lawal ba ta taɓa sa gishiri daidai ba tun da aka kawo ta. Amma duk wanda ya yi fushi da rana, da magariba dole ya sa hannu a tuwon wanda ya ɓata masa rai, kuma da wuya fushin ya kwana.

Ina cikin aiki aka tura ni Zariya ƙarin karatu, ilimin gudanar da harkokin gwamnati, wannan dai da Hafsatu ke karantawa yanzu tana zuwa tana cika ni da tambaya. Na tafi da zaton za a koya mini aikin ofis ne kawai, yadda ake bin doka da yadda umarni ke saukowa daga sama zuwa ƙasa. Da na shiga aji sai na tarar ilimin namu kusan duk kayan aro ne. Malamin kimiyyar siyasa ya shigo ya ce wannan fanni ɗansu ne, a gidansu aka haife shi, girman kai ne ya sa ya ware. Ya koya mana cewa babu ma'aikacin da ke aiki a sarari fetal, a bayan kowane umarni akwai mai iko da mai neman iko. Yana fita na tattalin arziki ya shigo ya ce mu manta da wancan, mulki duka rabo ne, abu kaɗan ne mutane da yawa. Wata malama ta ilimin halayyar ɗan Adam ta zo ta shafe mana makonni a kan dalilin da ke sa akawu barci a kan tebur, da yadda za ka sa mutum aiki ba tare da ka yi masa tsawa ba. Kowa ya zo sai ya ja mu ɓangarensa, ya kushe wanda ya fita. Har na taɓa tambayar wani ɗan ajinmu, shin mu ɗin nan me muka mallaka na kanmu, ban da tambarin ofis?

Duk da haka ba zan yi butulci ba. Kafin waɗannan fannoni su shigo, abin da ake koya wa ma'aikaci bai wuce ya karɓi umarni ya zartar ba, jama'a kuwa ko oho. Su ne suka shigo da mutum cikin karatun, suka ce dubi wanda kake yi wa aikin. Kuma wanda ya fi kowa nace wa wannan shi ne malaminmu na ilimin zamantakewa, wani siririn dattijo mutumin Ikara, Dakta muke ce masa, kullum da goro a bakinsa. Wata rana ya shigo ko littafi bai buɗe ba ya ce:

“Gwamnati ta ce ku kai taimako gida-gida. To mene ne gida?”

Wani ya ce katanga da ƙofa. Dakta ya ce ya san katangar da ke da magidanta biyar a ciki, ko gaisawa ba sa yi. Wani ya ce miji da matansa da 'ya'yansa. Dakta ya ce to tsohuwar uwar mijin fa, a kan bishiya take kwana? Haka ya dinga kayar da mu ɗaya bayan ɗaya har muka yi tsuru-tsuru. Sannan ya ce:

“Masu bincike ma sun sha wannan wahala. Da suka gaji sai suka ce a bi tukunya. Duk waɗanda ke ci daga tukunya ɗaya, gida ɗaya ne.”

Nan fa biro ya hau takarda, kowa ya san wannan zai fito a jarrabawa. Lokaci ya riga ya cika, ana ta tattara littattafai, sai ya ƙara da cewa, yana karkaɗe ɓawon goro daga rigarsa:

“Amma ku kula. Wannan ma'auni na mai kallo ne, wanda ya zo ya gani ya tafi. Ranar da kuka ce za ku raba wani abu da shi, ranar mutane za su fara gyara tukwanensu.”

Ba wanda ya rubuta wannan. Ni ma ban rubuta ba, dariya ce ta sa ya zauna mini a kai, don na hango Inna tana gyara tukunyarta saboda gwamnati.

Juma'ar da ta biyo na je gida, muna zaune a zaure bayan la'asar, na ba Malam labarin, don na san zai ji daɗi. Na ce masa ashe har a littattafan boko an san darajar tukunyarmu. Ya yi murmushi ya ce ai kuwa waɗannan mutane sun yi tunani, ciki ɗaya ake haɗawa kafin a haɗa zuciya. Yaya Sale yana gefe yana gyara ƙotar fartanya, ya ji komai. To ku riƙe wannan, don daga nan duk zargin ya samo asali. A bakina aka fara jin zancen tukunya a Tudun Malam, shi ke nan laifina.

Na dawo bakin aiki ba da daɗewa ba aka kawo wani shiri na tallafa wa manoma da takin zamani. Aka kira mu taro, aka zaunar da mu gaban wani matashin masani da aka turo daga Kaduna, da kwat ɗinsa da na'urar haska bango. Ya yi bayani mai tsawo, a ƙarshe ya ce rabon gida-gida ne, kowane gida kaso ɗaya, kuma don kada a yi son kai an ɗauko ma'anar gida daga ilimi: masu ci daga tukunya ɗaya. Na ɗaga hannu na ce:

“Ranka ya daɗe, a ƙauyukanmu akwai gidan da mutum talatin ke ci a tukunya ɗaya, akwai na mutum uku. In aka ba su daidai, an cuci manyan gidaje. Kuma wallahi da zarar labarin nan ya fita, tukwane za su haihu.”

Aka yi dariya. Ya bari aka gama, sannan ya ce cikin ladabi, irin ladabin nan da ya fi zagi ciwo:

“Alhaji, wannan ba ra'ayina ba ne. Abin da bincike ya tabbatar ne, ana aiki da shi a ƙasashe da dama.”

Na ce wanda ya koya mini shi ya ce na kallo ne, ba na rabo ba. Sai shugaban sashenmu ya katse ni:

“Haruna, daga zuwa Zariya ka dawo shi ne za ka koya wa masana aikinsu? Tunda ka san tukwanen haka, kai za ka raka masu ƙirga a gundumarku.”

Haka aka yi. Ni da na tsaya na ce kada a yi, ni aka ɗora wa jan gaba, a cikin dangina kuma.

Kafin motarmu ta bar sakatariya labari ya riga mu isa. Ban taɓa ganin ƙauyukanmu da hayaƙi irin na wannan makon ba. Duwatsun murhu suka yi wuya, har daga bakin rafi ake ɗauko su a amalanke. Tare da mu akwai wata ma'aikaciya, Malama Rabi, ita ke shiga cikin gidaje ta duba, tunda mu maza zaure ne iyakarmu. Takan fito tana danne dariya. Ta ga gidan da mace ɗaya ce a ciki amma murhu uku na ci da wuta. Ta ga murhun da akuya ke kwance a tsakiyarsa, an dai barbaɗa masa toka. Ta ga tukunyar da ake tafasa ruwa zalla a ciki, da muciya a tsaye. Amma umarnin da aka ba ta shi ne ta ƙirga abin da ta gani, mai gida ya tabbatar da bakinsa, kuma masu gida suna tabbatarwa ko ƙifta ido ba sa yi. Maƙwabcinmu Ɗanladi mai rake, wanda na san shi da 'ya'yansa a kwano ɗaya suke ci, ya dube ni cikin ido ya ce tukunyarsu biyar. Muna juya baya aka kwashe duwatsun, aka mai da babbar tukunya inda take. Raina ya ɓaci matuƙa, ba don su ba, don wanda ya zauna a Kaduna ya mai da mutanen kirki 'yan wasan kwaikwayo.

Muka iso gidanmu da hantsi. Malam yana zaure da littafi buɗe a cinyarsa. Muka durƙusa aka gaisa, ya tambayi hanya, ya tambayi iyali, ya tambayi mutanen ofis ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda bai sani ba, ya sa aka kawo ruwa. Yaya Sale yana tsaye a bakin ƙofa, ya ƙi haɗa ido da ni. Malama Rabi ta shiga ciki, ta ɗan jima, ta fito ta russuna ta ce:

“Allah ya gafarta Malam, na ga murhu huɗu. Tukunya huɗu ke nan a gidan?”

Malam ya ɗago kai a hankali.

“Murhu huɗu? A gidan nan?”

Ya juya ya dubi Yaya. Yaya ya matso ya tsuguna, muryarsa ƙasa-ƙasa:

“Malam, kowa ya yi. Ɗanladi ma ya yi. In aka ba mu kaso ɗaya, ko kwatar gonar ba zai kai ba. Na yau kaɗai ne.”

Malam ya kau da kai daga gare shi. Ya dubi Malama Rabi ya ce:

“'Yata, tukunya ɗaya ce.”

Yaya ya ce huɗu ce, ga murhu nan ta gani da idonta. Baiwar Allah ta rasa yadda za ta yi, uba ya faɗi ɗaya, babban ɗa ya faɗi huɗu. Sai ta juyo gare ni.

“Alhaji Haruna, gidanku ne. Nawa ne?”

Ku da kuke jin labari a wajen biki, ku gaya mini abin da za ku ce. Ga wana, wanda ya yi noma ya ciyar da ni ina makaranta, kuma na san gaskiya ya faɗa game da gonar. Ga mahaifina da littafin Allah a cinyarsa, mutumin da ban taɓa jin ya ce wa yaro “ka ce ba na nan” ba. Juma'ar da ta wuce a tukunyar nan na ci. In na ce huɗu, na ƙaryata shi a zaurensa gaban baƙi. Na ce ɗaya ce. Ko yau aka sake tambayata abin da zan ce ke nan, kuma ba na neman afuwar kowa a kai.

Amma mun ji a jikinmu. Aka ba mu kaso ɗaya, Ɗanladi ya kwashi biyar. Gonarmu da tasa iyaka ɗaya ce ta raba su, duk mai wucewa a kan hanyar Gubuchi sai ya ga bambanci: tasa kore shar, masararmu kuwa ta yi ɗorawa-ɗorawa, ta tsaya iya ƙugu kamar mai jinya. Na kawo abin da ƙarfina ya iya na taki, bai je ko'ina ba. Yaya ya daina yi mini magana in ban da gaisuwa. In na iso ranar Juma'a sai ya saɓi fartanya ya fita. Matan gidan suka riƙa sakin magana in na wuce, wai masu albashi ba su san zafin gona ba. Da kaka rumbu ko rabi bai kai ba. A shekarar ce Inna ta fara rage malmala, ta ce wai haƙoranta ne ba sa son tuwo, alhali kowa ya san jikokinta take bar wa.

Da bazara ta zagayo aka ce masu ƙirga za su dawo. Yaya ya aiko a kira ni, karo na farko da ya neme ni tun ranar. Muka taru mu huɗu a gaban Malam. Yaya ya yi magana a tsanake, ya riga ya shirya ta. Ya ce ba ya neman Malam ya faɗi abin da ba haka ba. Abin da yake roƙo kawai, ranar da za a zo Malam ya tafi Hunkuyi ya duba 'yarsa, ya yini can, shi zai tsaya a matsayin mai gida. Malam ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce:

“In na tafi Hunkuyi, Allah zai bi ni can ne ya bar gidan ba kowa?”

Ya ci gaba:

“Na ga gonar, Sale. Na ga rumbun. Na ga abin da uwarku ke ci. Ba zan hana ku taki ba, ba ni da wannan haƙƙin. Amma ba za a hura wutar ƙarya a gidan da ake karanta Alƙur'ani ba. In za a ce huɗu ne, to ya zama huɗu.”

Wallahi Yaya ya fi kowa firgita. Ya ce:

“Malam, ba haka nake nufi ba! Yini ɗaya na ce!”

Ni kuma na ce a ba ni lokaci, zan koma ofis in yi ta faɗa har a gyara tsarin, ba zai ɗore ba, kowa ya ga ɓarnarsa. Malam ya ce:

“Bara ma ka faɗa musu. Sun ji?”

Washegari aka buɗe rumbu aka raba abin da ya rage kashi huɗu: na Malam da Inna, na Yaya, na Musa, na Lawal. Inna ce ta auna da hannunta, ba ta yi kuka ba. Da ta gama ta kira matan suka kama mata babbar tukunyar, aka wanke, aka kife ta a bayan rumbu. Da masu ƙirga suka zo, Malam ya ce musu huɗu ce, kuma gaskiya ya faɗa. A duk Tudun Malam, gidanmu ne kaɗai tukwanensa suka rabu da gaske.

An sami taki, masara ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Amma wanda bai zauna gidan gandu ba ba zai gane abin da ya biyo baya ba. Da matar Musa ta fara dafa hatsin mijinta ita kaɗai, sai ta fara lura cewa 'ya'yan Yaya sun fi nata yawa, kuma gumin da ake zubarwa a gona ɗaya ne. Da Lawal ya yi fushi da rana, ba tuwon da zai tilasta masa zama kusa da wansa da magariba, sai fushin ya kwana, ya wayi gari, ya yi mako. Damina ta gaba aka ce tunda rumbu huɗu ne, gara kowa ya san kunyoyinsa. Aka ja iyaka a tsakiyar gonar da kakanmu ya sare. Daga nan aka kafa zana a tsakar gida, wai saboda kaji. Zana ta zama bulo. Bulo ya nemi ƙofa. Ba wanda ya zagi wani, ba wanda ya kai ƙara gaban mai unguwa, abin ya tafi ne a hankali kamar yadda gara ke cin azara.

Yanzu ga inda har gobe in na tuna nake jin kamar in fasa ihu. Ba a rufa shekara biyu ba aka sake kiran mu taro. Masanin nan ne dai, da kwat ɗinsa. Ya tsaya ya ce sabon bincike ya nuna ma'aunin tukunya yana da rauni, domin an gano jama'a na ƙara murhu don su sami kaso. An gano! Abin da na faɗa masa a ɗakin nan, a kan kujerar nan, aka yi mini dariya, shi ne ya dawo da shi a na'urar haska bango har ana tafa masa. Ya ce yanzu an koma shawarar masana tattalin arziki, za a bi girman gona, kuma manyan gonakin da ke haɗe su za a fara ba taki da motar noma, don sun fi amfani. Na waiga na dubi shugaban sashenmu, ya sunkuyar da kai yana wasa da biro. Ɗanladi, da ya yi ƙaryar tukunya biyar ya koma ya ci tuwonsa da 'ya'yansa a kwano ɗaya, gandunsa na nan ɗungurungum, shi aka fara kai wa motar noma. Mu kuwa gonarmu ta zama 'yan filaye huɗu, ko juyawa motar ba za ta iya yi a ciki ba.

Na haɗu da Dakta bayan haka a wajen wata ta'aziyya a Ikara, ya tsufa ƙwarai, goron ma sai an daka masa. Na ba shi labari tun daga farko. Ya girgiza kai ya ce:

“Ai na gaya muku.”

Na ce:

“Ka gaya mana, Dakta, amma kana karkaɗe riga ka faɗa. Ba ka sa shi a jarrabawa ba.”

Ban ga laifinsa ba, kuma ban ga laifin iliminsa ba. Hafsatu, ke da ke tambayata abin da waɗannan fannoni suka yi wa karatunmu, ga amsata, in kin ga dama ki kai wa malaminki. Sun ba mu ido, da ba mu da shi. Amma mu ma'aikata mun iya aron kayan aiki mu baro gargaɗin da ke tare da shi a bakin ƙofar mai shi. Mai bincike in ya yi kuskure sai ya sake rubutu. Mu in muka yi, a tsakar gidan wani yake sauka, kuma ba ma nan lokacin da ake kafa zanar.

Abin da ya faru ke nan. Ban kawo tsarin ba, na yaƙe shi. Ban ce a raba ba, na roƙi kada a raba. Yaya Sale ma bai nemi a raba ba, taki yake nema don ya ciyar da mu. In 'ya'yansa na son wanda za su zarga, su je Kaduna su nemi mai kwat, in za su same shi, don na ji an ƙara masa girma tuntuni. Tukunyar kuwa tana nan a sashen Lawal, ana ba awaki ruwa a ciki. Duk wanda ya je ya duba, zai ga inda muciyar Inna ta cinye gindinta.

Juma'ar farko bayan an tayar da bulon ƙarshe na je gida. Bayan sallar magariba ina zaune da Malam a zaure aka fara shigo da abinci. Na Inna ya zo a ɗan ƙaramin kwano. Na gidan Yaya ya zo, tuwon masara da miyar kuka. Na gidan Musa tuwon dawa da kuɓewa. Na gidan Lawal dambu ne, gishirin nan dai kamar kullum. Kowa ya aiko wa mahaifinsa, ba wanda ya gaza. Aka jera kwanuka huɗu a gabansa. Ya daɗe yana kallonsu. Sai ya miƙa hannu bayan buzunsa ya jawo tsohon akushinsa, ya buɗe kwanukan ɗaya bayan ɗaya ya juye su duka a ciki, tuwo a kan tuwo, kuka a kan kuɓewa, dambu a sama. Ya sa hannu ya gauraya. Sannan ya turo akushin tsakaninmu ya ce:

“Haruna, kai ne ma'aikaci. Wannan nawa ne?”

Bai jira amsata ba. Ya yi bisimilla ya ce in sa hannu, na sa. Wallahi ba daɗi, da ƙyar na haɗiye loma uku. Shi kuwa ya cinye tas, kuma haka ya ci abincinsa kullum har Allah ya karɓi ransa.